Mai Wayit da Ya Manta Ruwa

Tun kuna ƙanana kuke jin ana kirana mai wayit da ya manta ruwa, kuma ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai idan an faɗa a wurin suna ko ɗaurin aure. Ke Maryam har kuka kika taɓa yi, ranar da 'ya'yan baffanku Hamza suka ce miki ubanki ne ya kusa kashe kaka da ƙishirwa. Na lallashe ki da alewa, ban ce miki ƙarya suke ba. Yau gemuna ya yi fari fat, Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka zan faɗa muku yadda abin ya faru. Ba don a wanke ni nake rubutawa ba, sunan ya riga ya bi ni, har na saba amsa shi. Wata magana ce na ji ana ƙus-ƙus da ita a gidan baffanku, ita ta sa na ɗauki biro.

Kakanku masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a bakin Tafkin Chadi. Ya taho aikin hajji ta ƙasa yana saurayi, ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi shekara guda a Jidda kafin ya koma. Shekara gudan nan ba ta ƙare ba har aka haife mu duka, har muka yi aure. Aikin da ya samu a Balad, tsohon garin Jidda, shi ne ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa, ya hau benayen nan masu tagogin katako ya sauko, ya sake hawa, har kafaɗarsa ta yi kanta. A unguwarmu Karantina Sarkin Ruwa ake ce masa, babba da yaro. Teku kuwa tana nan kusa da mu, amma bai taɓa yarda ya shiga jirgi a kanta ba, wai shi ruwan da ba a sha ba ya lissafa shi cikin ruwa. Idan ya dawo da yamma Inna tana gasa masa kafaɗa da tsumma mai ɗumi, maganarsa ɗaya ce, har mun haddace ta:

“A tafki ruwa ba kaya ba ne. Ka ji ƙishi, ka miƙa ƙoƙo gefen jirgi ka ɗebo. A garin nan ne kaɗai na ga ɗan Adam yana yawo da ruwa a wuya.”

Ni na gaje shi ta wata fuskar. Tankar ruwa nake tuƙawa, wadda a nan muke kira wayit, ina kai wa gidaje. Yaya Hamza kuwa shago ya riƙe a unguwar Hindawiyya, kuma tunda ƙarfin Baba ya ja baya shi ne mai faɗa a ji a gidanmu. Mutum ne tsayayye, ba ya son abin magana, kuma in ya ce halas, wato magana ta ƙare, to halas ɗin ce. Ni kuma, ku shaida ne, in na kafe a kan abu ko jaki bai fi ni ba. Da haka muka tashi.

Shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta fara rufe idon Baba. Ya daina fira, ya rage cin abinci, sai ya zauna a ƙofar gida yana saƙar birgi, wato ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Ya saƙa, ya warware, ya sake saƙawa. Abu ɗaya ne bai bari ba: da an kira salla zai lalubi takalmansa ya tafi masallaci shi kaɗai, ya biya ta wurin mai shayi, ya zauna da tsofaffin unguwa. Sai wata la'asar ya fita bai dawo ba. Muka bazama nema, har bayan magariba wani ɗan Nijar mai tura kura ya kawo shi. Ya ce can wajen tsohuwar tashar jirgin ruwa ya tsince shi, yana tare mutane yana tambayarsu da Hausa ta ina ake gangarawa tafki.

Washegari Yaya Hamza ya shigo da sabon kwaɗo, ya ajiye shi a tsakar gida inda kowa zai gani. Inna ba ta kama sunansa, da yake ɗan fari ne, Babba take ce masa.

“Kai Babba, mene ne wannan?”

“Kwaɗo ne, Inna. Ni ba zan zauna in jira a zo a ce mini mota ta take shi ba.”

“Ubanka za ka kulle kamar akuya?”

“Wallahi ba da son raina ba. Tayyib, na bar shi wannan karon saboda ke. Amma ya sake rikicewa sau ɗaya, halas, ƙofa za ta rufu.”

Baba yana ɗaki yana jinmu. Da na leƙa na gan shi riƙe da takalmansa a cinya, ya rungume su. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Na san mutumin nan. Ranar da aka hana shi fita masallaci da ƙafarsa, ranar za a fara haƙa kabarinsa. A raina na ce ba tsufa kaɗai ke cinsa ba, kewar ruwa ce, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai na sa shi a jirgi.

Akwai wani dattijo masunci, Ammi Salim, da nake kai wa 'yarsa ruwa. Ƙauyensu yana arewa da Jidda, inda teku ta kutso cikin ƙasa ta yi fadamu da tsibirai, ga kurmin wani itace da suke kira shura, wanda ke tsirowa tsakiyar ruwan gishiri. Ya taɓa kai ni, kuma ina gani na ce wannan ai tafkin Baba ne yadda yake siffanta shi. Na roƙe shi aron huri, ƙaramin kwale-kwalen nan nasu na katako, ya yarda, ya kuma ce shi zai ji da maganar izinin shiga ruwa. Sai da na yi mako uku ina fama da Yaya Hamza. Ya ce hauka ne. Na ce na ji. Ya ce ban iya ruwa ba, na ce Baba ya iya. Ya ce Baba ba ya gani, na ce ni ina gani. Daga ƙarshe ya gaji da ni.

“Yalla, ku tafi. Amma da sharaɗi, ya Sa'id. In ya yi wani abin rikicewa a can, za ka faɗa mini. Amana ce.”

Na ce na ɗauka. Ku riƙe wannan, don a kanta komai ya tsaya.

Na ari ƙaramar motar ɗaukar kaya a wurin kafilina, wato ubangidan da nake yi wa aiki, muka yi asuba muka kama hanya. Shirin kwana biyu na yi: tabarma, tampol, gawayi, shinkafa, dabino, fulas ɗin shayi, butar alwala, da manyan jarkoki uku na ruwan sha waɗanda na cika da hannuna. Mai wayit ne ni, ko me zan manta ban da wannan. Muka iske Ammi Salim ya jawo hurin bakin gaɓa. Ya nuna mini wani tsibiri can kudu, ya ce akwai yashi mai kyau na kafa zango, ya ce jibi da hantsi zai leƙo mu, ya hau jakinsa ya koma ƙauye. Wurin ba kowa sai mu da wani tsohon jirgi da aka kife.

Tun da iskar ruwa ta bugi Baba na ga ya miƙe. Ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya shafa hurin daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa shi yana saurare. Sannan ya juyo da wata murya da na daɗe ban ji ba.

“Sauke kayan nan ka ba ni wuri. Je ka gyara wa motarka tsayuwa.”

A al'adar masuntan tafki, babban da ke cikin jirgi shi ke jera kaya, don shi ya san inda nauyi zai zauna. In ya gama ya rufe, ba mai sa hannu, ba mai ɗaga murfi ya duba. Duba bayan babba daidai yake da ce masa bai san aikinsa ba. Tun muna yara ya sha gaya mana yadda wani ƙanensa ya sha mari saboda haka. To, ni da na kawo shi don in mayar masa da girmansa, ta yaya zan fara da bin bayansa? Na ja mota na kai ta bayan wani tudu, na ɓata lokaci da gangan. Da na dawo ya gama, ya lulluɓe kaya da tampol, ya ɗaure tamau. Na lura hurin bai nutse sosai ba, har na yaba a raina, na ce ka ga aikin gwani.

Safiyar nan ban taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya kwanta luf, ana hango yashin ƙasa. Ni ina gaba da filafili ina ta shirme, shi yana baya a tsaye da doguwar sandar tuƙi, yana yi mini tsiya.

“Kai Sa'idu, tuƙi kake ko tuƙa tuwo? Ruwan ya yi maka laifi ne kake dukansa?”

Ya ce in yi shiru. Ya karkata kunne, ya ɗauki birginsa, ya murɗa jiki ya wurga. Ragar ta buɗe ta faɗa ba ƙara. Da ya jawo, sai ga kifayen arabi suna walƙiya, har da sijan biyu. Tsohon da ba ya gama tuwon hannunsa a gida, ga shi yana dariya har da ƙyaƙyatawa, yana laluben kifi yana ba su sunayen tafki, wannan karfasa ne, wancan ɗan uwan ragon ruwa. Muka sha shayin fulas da dabino, muka ci gaba. Wata iska ta fara turo mu daga baya, ni kuwa ina murna tuƙi ya yi sauƙi, ban san abin da take nufi ba.

Rana ta take tsaka muna dab da tsibirin. Baba ya zaro ɗan ƙoƙonsa daga aljihu, ya miƙa hannu gefen jirgi ba tare da ya duba ba, ya ɗebo, ya yi bismilla ya kurɓa. Sai ya furzar, ya kama tari. Na tuntsire da dariya.

“Baba, ai wannan Bahar Maliya ce. Bari in zubo maka na jarka.”

Na kwance tampol. Ga shinkafa, ga gawayi, ga tabarma, ga buta. Ba jarka ko ɗaya. Na ɗaga wannan na ɗaga wancan kamar jarka abar ɓuya ce a ƙarƙashin tabarma. Na ɗago kai na dube shi. Yana zaune da ƙoƙon a hannu, gishiri a leɓensa, kuma a fuskarsa na ga lokacin da hankalinsa ya dawo Jidda daga tafkin da ya tafi tun safe.

“Na sauke su,” ya ce a hankali. “Na ce wane sakarai ne zai ɗora wa jirgi ruwa.”

Ban tsaya magana ba, na juya kan hurin arewa. A nan na gane iskar. Ita ce ta arewa da masunta ke tsoro, ta taso gadan-gadan, ruwan da yake kwance da safe ya zama tudu da kwari. In na yi gaba taku ɗaya sai ta mayar da ni biyu, ruwa yana faɗowa ciki, Baba yana kwarfewa da ƙoƙo. Na yi ta fama har hannuwana suka yi bororo. Shi ne ya ce in bari, za mu kife. Muka sauka tsibirin, na ja hurin kan yashi, na kafa tampol da sanda da filafili, na shimfiɗa masa tabarma. Abin da muke da shi na sha: ruwan buta, bai cika ba, da ɗan guntun shayi. Kifin da muka kama muka mayar da masu sauran rai, don ya ce cin kifi ƙishi yake jawowa. Muka yi taimama muka yi salla.

Bayan la'asar yana kwance ya juya mini baya, sai ya yi magana.

“Hamza zai sa kwaɗonsa. Kuma da gaskiyarsa.”

“Ba wanda zai sa kwaɗo, Baba.”

“Za ka faɗa masa yadda aka yi. Ka ɗauki amana a gabana. Ban koya maka ƙarya ba.”

Na zauna ina kallon ruwa yana dukan gaɓa, ina jin haushin kaina, ina jin tausayinsa, ga tsoro. Abu biyu na ƙudurta kafin rana ta faɗi. Na farko, da ransa zan mayar da shi gida ko da a bayana zan goya shi. Na biyu, ƙofar nan ba za ta rufu ba.

Kafin mu kwanta ya sa na shimfiɗa tampol a karkace, na haƙa ɗan rami a gefe na sa ƙoƙo. Da asuba raɓa ta taru, ba ta kai rabin ƙoƙon ba, tana warin roba. Na ba shi, ya ce in fara sha. Na kai baki na motsa maƙogwaro kamar na sha, na miƙa masa. Haka na riƙa yi da ruwan butar ma, ina cin amfanin idonsa da ba ya gani. Na sa rai iskar za ta kwanta da safe, amma ko sassautawa ba ta yi ba. Ammi Salim sai gobe zai leƙo, kuma ko ya zo, bakin gaɓa zai tsaya yana jiranmu. Na dubi leɓen Baba da suka fara tsagewa na san ba zai kai goben ba.

“Ka ce akwai kurmi tsakaninmu da gaɓa?” ya tambaye ni.

“Akwai, amma a cushe yake. Ba hanya.”

“Ruwa yana shiga cikinsa?”

“Yana shiga.”

“To akwai hanya. Kuma iska ba ta bin mutum cikin kurmi. Ɗaga ni.”

Muka kutsa cikin shura. Wurin zafi kamar ɗakin gashin burodi, ba iska ko kaɗan, ganyayen ma gishiri ne a jikinsu. Hanyoyin ruwa sun rarrabu, wannan ta yi dama, waccan ta yi hagu, duk kamarsu ɗaya a idona. Baba yana tsaye a baya yana caka sanda. In ya ji laka mai kama sanda sai ya ce mu koma, wannan makauniyar hanya ce, ruwa kwana yake a cikinta. In ya ji yashi mai tauri sai ya ce mu bi, ruwa na wucewa ta nan. Wani wurin ya sa in tsinki ganye in jefa in gaya masa inda ya nufa. Mutumin da jiya ya manta a wace ƙasa yake, yau shi ke karanta ƙasan ruwan da bai taɓa shiga ba. Sau uku muna ɓata muna dawowa. Inda ruwa ya yi ƙaranci na sauka na ɗaura igiya a ƙugu ina ja, saiwoyin itacen nan masu tsini suna huda mini tafin ƙafa. Tabon da kuke tambayata a ƙafar hagu, can na samo shi.

Da azahar ruwan buta ya ƙare. Bayan nan kaɗan na ji sanda ta faɗa ruwa, na waiga na ga Baba ya durƙushe. Na kwantar da shi cikin hurin, na jiƙa rawaninsa da ruwan teku na ɗora masa a goshi, na rufa masa tampol. Murya ƙasa-ƙasa ya ce in sa rana a kafaɗar hagu in bi yashi, kada in bi laka. Daga nan bai ƙara magana ba. Na cire takalma don in riƙa jin ƙasa da ƙafata yadda yake ji da sanda. Harshena ya kumbura, idona yana ganin duhu-duhu, ina ja ina kiran sunansa, in ya yi nishi in ce alhamdu lillahi in ƙara taku. Na yi wa kaina alkawarin ba zan zauna ba, don na san in na zauna shi ke nan. Ban san iya tafiyar da na yi ba. Na dai san rana ta yi ja lokacin da itatuwa suka buɗe, na hango kifaffen jirgin nan.

Jarkokin suna bayansa, a jere, an rufe su da buhu an danne da dutse don kada rana ta buge su. Aikin ga-ruwa na shekara da shekaru, ko a rikice bai iya wulaƙanta ruwa ba. Na ɗiɗɗiga masa a baki da kaɗan-kaɗan har ya haɗiya. Muna nan sai ga Ammi Salim, iskar ce ta hana shi sukuni ya zo dubawa tun kafin ranar da ya ce. Ya taya ni ɗaukar Baba zuwa mota. Na ce masa na manta jarkoki ne. Ya dubi buhun, ya dubi dutsen, ya dube ni.

“Ya waladi, wanda ya manta kaya ba ya rufa masa buhu.”

Sai ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka, kuma har ya bar duniya bai faɗa wa kowa ba.

A asibiti aka yi wa Baba ƙarin ruwa. Washegari ya farfaɗo, ga Inna a gefen gado, ga Yaya Hamza a tsaye ya harɗe hannu. Ya tambaya yaya aka yi mutum biyu suka shiga teku ba ruwan sha. Baba ya buɗe baki.

“Hamza, ni ne na...”

“Ni na manta su,” na katse shi. “Na sauke su daga mota na bar su a gaɓa. Ɗoki ya ɗebe ni. Baba ne ma ya fitar da mu, ba don shi ba da gawarmu za a ɗauko.”

Tunda aka haife ni ban taɓa katse maganar ubana ba sai ranar. Yaya Hamza ya matso har ina jin numfashinsa.

“Kai? Mai wayit? Ruwa ne sana'arka, ya Sa'id! Ka ɗauki tsoho makaho ka kai shi teku ka manta moya?”

Baba ya sake cewa shi ne, har sau biyu. Inna ta ce ya yi shiru ya huta, kowa ya san halinsa na rufa wa yaro asiri. Yaya Hamza ya ce ko yanzu ma kare shi kake, Baba. Haka gaskiya ta fito daga bakin mai ita, ba wanda ya karɓa. Ni kuwa na ci amanar da na ɗauka, na yi ƙarya ina sane. Na sha neman gafarar Ubangiji a kanta, kuma ba na so ku ɗauka ina koya muku ita ne.

Abin da ta jawo mini kun ga wani da idonku. Kafin mako ya zagayo sunan ya gama Karantina. Yaya Hamza ya shekara bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba, kuma daga ranar bai ƙara saka ni cikin shawarar gida ba, ko ta auren 'ya'yansa. In an tashi aike mai muhimmanci sai ya ce a ba wani, kada a ba wanda zai manta. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, bayan 'yan watanni Baba da kansa ya manta yadda aka yi. Ya ji mutane suna faɗa, shi ma ya ɗauka. In na shigo gaishe shi sai ya yi dariya ya ce, a'a, ga mai wayit da ya manta ruwa. In ce na'am, Baba. In fita waje in share ido.

Amma kwaɗon nan bai taɓa hawa ƙofarmu ba. Tsatsa ta cinye shi a kan taga. Baba ya ƙara shekara biyu da wani abu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana zama wurin mai shayi yana ba tsofaffi labarin yadda ya ratsa kurmin shura da sanda, suna cewa sai Sarkin Ruwa. Ba zan ɓoye muku ba, ya sake rikicewa, ba sau ɗaya ba. Na roƙi kafilina ya mayar da aikina na safe zalla, kullum la'asar ina bin bayansa daga nesa. In ya saki hanya sai in ɓullo ta gabansa kamar haɗuwa muka yi, in ce Baba, ina zuwa, mu tafi tare mana. A kan gadonsa ya cika, ranar wata Juma'a, takalmansa suna bakin ƙofa da ƙurar masallaci a jikinsu.

Ban taɓa riƙe baffanku a zuciya ba. Tsoro ne ya sa ya sayi kwaɗon, kuma tsoron mai son ubansa ne. Yanzu ga shi shi ma ya kai inda Baba ya kai. Tun da aka rushe Karantina suka koma bene hawa na huɗu a unguwar da bai san kowa ba, sai ya riƙa saukowa yana neman lungun gidanmu na da. Makon jiya na ji Faisal, babban ɗansa, yana cewa ya sayo makulli mai kyau wanda ba a buɗewa ta ciki. Ku kai masa takardar nan ya karanta. Ku ce masa in ji ni, ya bar wa ubansa ƙofarsa. Na ajiye tuƙi, ba abin da nake yi da la'asar, kuma aikin bin bayan tsoho na iya shi tun kafin a haifi Faisal.

Na ma riga na fara. Jiya na je na same shi a bakin bene yana laluben takalma, na ce Yaya, fita za ka yi, mu tafi tare mana. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Sai ya ɗaure fuska irin yadda ya saba, ya ɗaga mini yatsa.

“Sa'id. Ka ɗauko ruwa?”

Na ɗaga masa gorar da ke hannuna, na sa ta a tafinsa ya ji sanyinta.

“Na ɗauko, Yaya. Yalla, mu je.”